Dillalan kuɗin intanet: Stripe, PayPal da wanda na bari

Sana'ata zanen yankan tufafi ce. Nakan zana yadda za a yanka riga, siket ko kayan yara, awo-awo, in mayar da zanen takardar da mutum zai sauke a wayarsa ya buga, sannan in haɗa masa da bidiyon ɗinkin tun daga ɗora almakashi har zuwa dasa maɓalli. Ba ni da kanti, ba ni da akwatin zuba ciniki. Masu sayen kayana sun warwatsu a ƙasashe daban-daban, yawancinsu ko muryarsu ban taɓa ji ba. Don haka duk kuɗin da zai shigo hannuna sai ya fara ratsa hannun wani kamfani da ke tsaye tsakanina da mai saye.

A takarda sunansu dandalin biyan kuɗi. Ni dai dillalai nake ce musu, don aikin dillali suke yi: su karɓa daga mai saye, su zare la'adarsu, su miƙo saura. Inda suka bambanta da dillalin da aka saba, wannan ba ka ganin fuskarsa, ba ka san ƙofar gidansa ba, kuma shi ke yanke ranar da kuɗinka zai iso ka. Na yi hulɗa da uku a cikinsu. Biyu ina tare da su har yanzu, Stripe da PayPal. Na ukun ba zan kama sunansa ba, amma da labarinsa zan fara, don shi ya koya mini tambayoyin da ya kamata in yi tun ranar farko.

La'ada kaɗai na duba lokacin da na zaɓe shi. Na jera kamfanoni a takarda, na rubuta kason kowa a gabansa, na ɗauki mafi ƙanƙanta. Rajistar ba ta ci minti goma ba: suna, imel, lambar asusun banki, shi ke nan. Wata da watanni muna zaune lafiya, ciniki na shigowa jefi-jefi, suna turo mini kuɗina a kan kari. Sai na fitar da darasin ɗinkin kwat ɗin mata da na shafe kusan shekara ina haɗawa. Allah ya sa masa albarka, cinikin mako guda ya zarce na wata uku. Ranar da nake sa ran kuɗi su sauka, sai na tarar da saƙo cewa an dakatar da fitar da kuɗi daga asusuna har sai an kammala bincike.

Suka nemi takardar rajistar kasuwanci, na tura. Katin shaida, na tura. Hujjar cewa masu saye sun karɓi abin da suka biya, na tattara na tura. Amsar da ke dawowa iri ɗaya ce kullum, ko kalma ba ta sauyawa, ka san na'ura ce ke aikowa. Babu lambar waya, babu mutumin da zan kama da magana. Ga wanda ya tace mini bidiyo yana jiran haƙƙinsa, ga wadda ta taya ni fitar da awo-awon ita ma tana jira, kuma dukkansu suna ganin darasin na tafiya. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, in ce wa mutum kuɗi na nan amma ba sa hannuna, alhali shi ya riga ya zuba guminsa. Lambobin na nan ɓaro-ɓaro a fuskar kwamfuta, ina kallonsu, ba halin taɓawa. A makonnin nan na gane abin da ake nufi da ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Sai bayan mako biyar suka saki kuɗin, tare da sharaɗin cewa daga yanzu za su riƙa jingine kashi 10 cikin 100 na kowane ciniki har kwana 90 kafin su ba ni. Da na koma na karanta yarjejeniyar da na amince da ita ranar rajista, sai ga shi duk a rubuce, sakin layi guda cur.

Ƙanena ne ke kula mini da shafin, shi ya karanci harkar manhaja. Ya same ni ina ta faɗa ni kaɗai, ya ja kujera ya zauna. Ya ce, "Yaya, ba ke suka tsana ba, tsoro suke ji." Sannan ya zana mini yadda abin yake. In mutum ya biya da kati, hannu huɗu ne a ƙalla ke cikin cinikin: bankin da ya ba shi katin, kamfanin katin kamar Visa ko Mastercard, bankin da ke karɓa a madadin ɗan kasuwa, sai shi dandalin. A da, duk ɗan kasuwar da ke son karɓar kati sai ya buɗe asusu na musamman a banki, a shafe makonni ana bincikarsa kafin a yarje masa. Waɗannan dandalin sai suka tattara dubban ƙananan 'yan kasuwa a ƙarƙashin inuwarsu, suka tsaya musu. In ɗayanmu ya karɓi kuɗin jama'a ya ɓace, masu saye za su karɓo kuɗinsu ta banki, asarar kuma a wuyan dandalin za ta faɗa. Shi ya sa asusun da cinikinsa ya yi tsalle dare ɗaya, kuma kayan da yake sayarwa ba masu taɓuwa da hannu ba ne, yake tayar musu da hankali. Ya ce, "Wanda ya buɗe miki ƙofa cikin minti goma bai yafe tantancewa ba, Yaya. Ɗage ta ya yi sai ranar da kuɗinki suka yi nauyi."

Wannan magana ta shafi kowa a cikinsu, har da waɗanda zan yaba. PayPal ya rubuta a fili cewa yana iya riƙe kuɗin sabon mai sayarwa har kwana 21, asusun da aka taƙaita kuwa ana iya riƙe abin da ke ciki har kwana 180. Yarjejeniyar Stripe ma ta ba shi damar jingine wani kaso in ya hango haɗari. Don haka da na tashi neman sabon dillali, ban nemi wanda ba ya riƙe kuɗi ba, babu shi. Na nemi wanda ke faɗin dokarsa tun kafin a shiga, wanda kuma in na ƙwanƙwasa ɗan Adam zai amsa.

Stripe na koma, kuma shi ne babbar ƙofata yau. Wasu 'yan'uwa biyu 'yan ƙasar Ailan, Patrick da John Collison, suka kafa shi a 2010, kuma tun asali masu haɗa manhaja suka yi wa shi. Ana ganin haka a jikinsa. Abin da ya fara saye ni shi ne yanayin gwaji. Kafin ka karɓi kuɗin kowa, suna ba ka lambobin katin wasa, wadda aka fi sani ita ce 4242 sau huɗu, ka yi ta saye a shafinka kana ganin abin da mai saye zai gani. Akwai lambar da za a ƙi karɓa, akwai wadda za ta nemi tabbaci daga banki. Ni da ƙanena mun kwashe dare guda muna wannan: mu saya, mu mayar da kuɗi, mu sa katin da za a ƙi, mu ga wane saƙo zai fito. A nan muka gano cewa in an ƙi kati shafina ba ya ce wa mutum komai, tsit kawai yake yi. Da ba don gwajin ba, da masu saye ne za su gano mini, kuma ba lalle su faɗa ba.

Na biyu, lissafinsu a buɗe yake. Kowane ciniki yana da layinsa: ga abin da aka biya, ga la'adar da aka zare, ga abin da ya rage, ga ranar da zai sauka a banki. Sun faɗa tun farko cewa fitar kuɗi na farko yakan ɗauki kwana 7 zuwa 14, bayan nan sai a hau jadawali, wanda ya danganta da ƙasar da kasuwancin yake. Haka kuwa aka yi. Ga mai biyan ma'aikata, sanin ranar ya fi masa ragin la'ada amfani nesa ba kusa ba. Akwai kuma mahaɗin biya da nake iya ƙirƙira da kaina cikin minti biyu in tura wa mutum a saƙo, ba sai na taso ƙanena ba. Apple Pay da Google Pay kuwa, hanyoyin biya da waya, kunna su kawai ake yi.

Wani abin da ban san darajarsa ba sai daga baya: lambar katin mai saye ba ta taɓa sauka a shafina. A shafin Stripe ake shigar da ita, can take zama. Akwai ƙa'idar tsaron bayanan kati da ake kira PCI DSS, wadda Visa, Mastercard, American Express, Discover da JCB suka kafa wa majalisa a 2006, kuma ta hau kan duk mai karɓar kati, babba da ƙarami. In lambobin na ratsa na'urarka, nauyin kiyaye su naka ne, da bincike da kashe kuɗi. In dandalin ne ya ɗauke su, abin da ya rage maka kaɗan ne. Duk wanda ya ce ka riƙa karɓar hoton katin mutane a saƙo kana shigarwa da hannu, bai so ka da alheri ba.

Da zan fitar da darasi na gaba, sai na rubuta musu tun mako biyu kafin ranar. Na ce ga abin da nake sayarwa, ga yawan cinikin da na saba, ga wanda nake tsammani. Mutum ne ya amsa, ya yi tambayoyi a kan yadda nake isar da darasin da ƙa'idata ta mayar da kuɗi. Darasin ya fita, kuɗi suka sauka a ranarsu. Ba zan ce wasiƙar ce kaɗai ta sa ba, amma tun daga ranar ban sake fitar da babban abu ban sanar ba.

To, sai la'ada, wadda nan ne mutane suka fi ruɗuwa, ni ma nan na ruɗe. Farashin da Stripe ya wallafa wa 'yan kasuwar Amurka shi ne kashi 2.9 cikin 100 da ƙarin senti 30 a kan kowane biyan kati. Kowace ƙasa da nata, amma ginin iri ɗaya ne: kaso, da ɗan tsayayyen kuɗi a kai. Ido yakan tsaya a kan kason, ya manta da ɗan tsayayyen, alhali ga mai ƙananan kaya shi ne mai cizo. A ce ka sayar da abin dala 100. La'ada dala 3 da senti 20, wato kashi 3.2. A ce kuma abin dala 5 ne, kamar zanen riga guda. La'ada ta kusa senti 45, wato kusan kashi 9 cikin 100. In katin na wata ƙasa ne sai a ƙara kashi 1.5, in kuma sai an yi canjin kuɗi a ƙara kashi 1. Abin dala 5 ɗin nan la'adarsa ta koma senti 57, ta haura kashi 11. Wannan lissafin ne ya sa na daina tura zane ɗai-ɗai a gaba, na koma haɗa uku ko biyar a ƙunshi guda. Mai saye ya samu rangwame, ni kuma senti 30 sau ɗaya na biya maimakon sau biyar. Duk mai son kwatanta dandali biyu, ya ɗauko cinikinsa na watan jiya, layi-layi, ya lissafa abin da kowannensu zai ci a kai. Kason da aka rubuta da manyan baƙaƙe a shafin talla ba zai gaya masa komai ba.

Akwai inda Stripe bai gamsar da ni ba. In ka mayar wa mai saye kuɗinsa, la'adar da suka zara ba ta dawowa. PayPal ma ya koma wannan tsari tun 2019. Ga mai sayar da tufafi ko takalma, inda mayar da kaya ya zama ruwan dare, wannan asara ce da ya kamata ya sa a farashinsa. Sannan ba a kowace ƙasa ake iya buɗe asusunsa ba. Jerin ƙasashen na nan a shafinsu, kuma a wasu ƙasashen Afirka ta hannun Paystack suke aiki, kamfanin da suka saya a 2020. Na san akwai masu ba da shawarar a ari sunan wani ko adireshin wani a wata ƙasa a buɗe asusu. Ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya yi. Ranar da aka nemi takardu, wanda sunansa ke kan asusun shi ne mai kuɗin, kai kuwa ba ka da bakin magana. Suna da kuma jerin sana'o'in da ba sa karɓa ko suke taƙaitawa, a karanta shi kafin a gina shafi, ba bayan an gama ba. Abu na ƙarshe, in ka wuce mahaɗin biya kana son tsari mai zurfi, sai da mai ilimin manhaja a kusa. Ni Allah ya ba ni a gida, ba kowa ke da shi ba.

Yanzu bari in zo kan abin da suke kira cajbak, don ban taɓa jin sunansa ba sai da ya same ni, tun ina wancan dandalin na farko. Mai kati yana da damar ya je bankinsa ya ce bai san wannan ciniki ba, ko bai samu abin da ya biya ba. Bankin zai janye kuɗin daga wajenka tun kafin a ji ta bakinka, sannan a ba ka 'yan kwanaki ka kawo hujja. Galibi mai kati na da kimanin kwana 120 na yin haka. Kuma akwai tara a kai, a Stripe na Amurka dala 15 ce kan kowace ƙara. Ka ga abin dala 5 zai iya jawo maka asarar dala 20. Wata mata ta saye zane a wajena, ta sauke, har ta turo mini hoton rigar da ta ɗinka tana murna. Bayan wata biyu sai ga ƙara daga bankinta. Na rubuta mata cikin ladabi, ta ce ita ba ta kai ƙarata ba, wani baƙon suna ta gani a bayanin asusunta ta ɗauka 'yan damfara ne. Ashe sunan rajistar kamfanina ke fitowa, ba sunan shafin da ta sani ba. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma yi niyyar cuta ba. A Stripe kai kake rubuta sunan da zai fito, baƙaƙe 22 suka ba ka, kuma shi ne abu na farko da na gyara. Tun daga nan kuma nake adana shaidar kowane ciniki: ranar da aka sauke, imel ɗin da aka tura, saƙon da muka yi musaya.

Ba tarar kaɗai ce abin tsoro ba. Kamfanonin kati na ƙirga yawan ƙararrakin da ke kan kowane ɗan kasuwa, in suka yi yawa a kan cinikinsa sai a sa masa ido, daga nan ana iya rufe shi. Kariyar da na fi dogara da ita ita ce 3D Secure, wato matakin nan da banki ke turo wa mai kati lamba ko ya nemi ya tabbatar a manhajarsa. In ciniki ya bi ta nan, sannan daga baya aka ce katin sata ne, galibi nauyin yakan koma kan bankin da ya ba da katin. Tarayyar Turai ta wajabta irin wannan tabbaci a dokarta ta biyan kuɗi, wajabcin kuma ya fara aiki a 2019. Yana ɗan jinkirta mai saye, gaskiya ne, wasu ma kan gaji su tafi. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai daren da wasu suka yi ta jefa katuna a shafina, ƙananan kuɗi, ɗaya bayan ɗaya, suna gwada wanne ke aiki cikin waɗanda suka sato. Na'urar tsaron Stripe da suke kira Radar ta tare su, da safe na tarar da jerin a toshe.

PayPal kuwa ƙofa ta biyu ce a shafina, kuma ba don araha na ajiye shi ba. A Amurka la'adar biya ta asusunsa kashi 3.49 ce da senti 49, ta fi ta Stripe, kuma canjin kuɗinsa akwai riba a ciki da sai ka kwatanta da farashin kasuwa za ka gani. Mai saye ma yana da har kwana 180 na buɗe ƙorafi. Abin da yake da shi wanda ba a saye da kuɗi shi ne daɗewa a idon mutane. Tun 1998 aka kafa shi da sunan Confinity, kamfanin eBay mai kasuwar intanet ya saye shi a 2002 kan dala biliyan 1.5, suka rabu a 2015, kuma a tsawon shekarun nan miliyoyin mutane a kansa suka koyi saye a intanet. Wata dattijuwa ta rubuto mini cewa tana son darasina, amma ita ba ta saka katinta a shafin da ba ta sani ba, in akwai PayPal za ta saya. Na saka shi a makon, ta saya, kuma ba ita kaɗai ba. Sai dai a bincika da kyau kafin a dogara da shi, domin ko da yake yana aiki a ƙasashe da yankuna kusan 200, ba a ko'ina asusunsa ke iya karɓar kuɗi ba, a wasu wuraren aikawa kawai yake yi.

Maganar dattijuwar nan ta buɗe mini ido a kan abin da ya fi PayPal girma. Ni na ɗauka duk duniya da kati ake biya. Ba haka ba ne. A Holan mutane sun fi sabawa da iDEAL, kai tsaye daga banki. A Barazil akwai Pix, wanda babban bankin ƙasar ya ƙaddamar a 2020. Indiya na da UPI tun 2016, Kenya na da M-Pesa tun 2007, Sin kuma Alipay da WeChat Pay. Mutumin da ya kai matakin biya bai ga hanyar da ya saba ba, ba zai rubuto ya yi ƙorafi ba, rufe shafin kawai zai yi. Cibiyar Baymard, da ke nazarin yadda ake saye a intanet, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka zuba kaya a kwando ba sa ƙarasa biya. Dalilan da yawa, amma wannan na cikin waɗanda ke hannun ɗan kasuwa ya gyara. Ni na duba ƙasashe biyar da aka fi saye daga cikinsu, na kunna hanyar kowacce da dandalina ke da ita. Wanda duk masu sayensa a ƙasa ɗaya suke, sau da yawa dandalin cikin ƙasar, wanda ya san bankunanta kuma yake biya da kuɗinta, ya fi masa waɗannan manyan.

Haraji shi ne abin da har yanzu nake juyawa a raina. Tun 1 ga Janairun 2015, Tarayyar Turai ke karɓar harajin kayan intanet bisa ƙasar mai saye, ba ta mai sayarwa ba, kuma wasu ƙasashen sun bi sahu. Stripe na da sashen da ke lissafa harajin ya ƙara a kan farashi, amma nauyin rajista da hukuma yana nan a kanka. Akwai wasu irin kamfanoni, kamar Paddle na Landan, da su suke zama masu sayarwa a hukumance: su sayar da sunansu, su biya harajin, su fuskanci ƙararraki, su ba ka naka. La'adar Paddle kashi 5 ce da senti 50. A kan abin dala 5 wannan kashi 15 ke nan, ya yi mini nauyi. A kan darasi mai tsada kuwa bambancin bai taka kara ya karya ba, in aka haɗa da kwanciyar hankali. Sun fi karkata ga masu sayar da manhaja, don haka sai an tambaye su ko suna karɓar irin kayanka.

Square da Adyen na duba su na wuce. Square, wanda Jack Dorsey da Jim McKelvey suka kafa a 2009, ya fi dacewa da mai kanti da ke son na'urar karɓar kati da shafin intanet a lissafi guda, kuma ƙasashen da yake aiki 'yan kaɗan ne. Adyen na Amsterdam, tun 2006, manyan kamfanoni yake yi wa aiki, kaina bai kai nan ba.

Ɗabi'a ɗaya na ɗauka da ba na saɓawa: ba na barin kuɗi su taru a dandali. Ba banki ba ne, kuma girman suna ba ya hana faɗuwa. A watan Yunin 2020 kamfanin Wirecard na Jamus ya durƙushe bayan an gano cewa yuro biliyan 1.9 da ke cikin littattafansa babu su. Hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya ta dakatar da reshensa na can na 'yan kwanaki, mutanen da ko sunan Wirecard ba su taɓa ji ba suka wayi gari katunansu ba sa aiki, saboda kamfanonin da suke hulɗa da su a kansa suka jingina. Kuɗina na Stripe suna sauka da kansu bisa jadawali, na PayPal kuma duk mako nake kwashewa. Mai karɓar biyan wata-wata ya ƙara da tambaya guda kafin ya shiga: in na tashi barinku, za ku miƙa bayanan katunan masu biyana ga sabon dandalin? Stripe yana yin haka in wanda za a miƙa wa ya cika ƙa'idar tsaro. In dandali ya ce a'a, ranar ƙaura sai ka bi kowane mai biya ɗaya-ɗaya ka roƙe shi ya sake shigar da katinsa, kuma ba duka za su dawo ba.

Kwanan baya wata ɗalibata da ta fara sayar da nata zanen ta tambaye ni, "Malama, wanne zan ɗauka?" Ban ba ta suna ba da farko. Na ce ta zaɓi biyu da ke aiki a ƙasarta, ta rubuta wa kowanne tambaya ɗaya tak, cewa a wane hali kuke riƙe kuɗin ɗan kasuwa kuma har kwana nawa, ta ga wa zai amsa, cikin kwana nawa, kuma mutum ne ko na'ura. Na ce ta nemo sakin layin jingina a yarjejeniyarsu ta karanta shi da ƙarfi, sannan ta sayi abu ɗaya daga shafinta da katinta na gaske, ta mayar wa kanta kuɗin, ta ƙirga abin da ya ɓace a hanya. Da ta matsa, na ce in Stripe na ƙasarta ta fara da shi, ta ajiye PayPal a gefe in yana karɓa a can.

Darasin kayan yara zai fita wata mai zuwa in Allah ya yarda. Na riga na rubuta wa Stripe, takardun rajista da katin shaida suna jaka guda a kwamfuta, kuma na ware haƙƙin mai tace bidiyo daga cinikin baya, don kada biyansa ya sake rataya a kan ranar da wani zai sakar mini kuɗi. Ƙanena ya sauya wurin maɓallin biya a waya, ya ce daren Lahadi mu sake zama da katin gwajin.